Tambaya da Amsa: Rassan Zaitun da Aka Datse, a Ƙone Su ko a Shimfiɗa wa Ƙasa?

Wasiƙu huɗu da suka iso wannan fili sun haɗu a kan batu guda, wato makomar rassan da ake datsewa daga bishiyoyin zaitun bayan an gama tsinkar 'ya'ya, saboda haka muka ga ya fi dacewa mu amsa su a jere.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina aikin ƙwadago a wata gonar zaitun da ke lardin Jaen a kudancin Sifaniya. A da, idan muka gama datse rassa, mukan tara su mu cinna musu wuta, gona ta yi fes. Bana mai gonar ya kawo tarakta da wani inji da ya daddatse rassan ƙanana-ƙanana, ya bar su warwatse a tsakanin layukan bishiyoyi, ya ce yana kare ƙasarsa ne daga zaizaya. Dattawan da muke aiki tare suna cewa wannan ƙazanta ce da lalaci. Wane ne yake da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai gonarku ne yake da gaskiya, amma dattawan ma ba da ka suke magana ba, domin sun tashi ne a zamanin da ake auna ƙwazon manomin zaitun da yadda ƙasarsa take a share, babu ciyawa babu kara. Dalilinsu shi ne ruwa. A ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta kusan ba a ganin ɗigon ruwan sama, kuma duk ciyawar da aka bari a gona tana shan danshin da bishiya take bukata, don haka aka saba da yawan kaftu, daga baya kuma da feshin maganin ciyawa. Abin da ba a lura da shi da wuri ba shi ne, ƙasar da aka bari tsirara tsawon watannin zafi ita ce ruwan Oktoba da Nuwamba yake samu, kuma ruwan wannan lokaci yakan zo da ƙarfi, ya zuba mai yawa cikin ɗan lokaci.

Zaizaya ba daga ambaliya take farawa ba, daga ɗigo take farawa. Babban ɗigon ruwan sama yana isowa ƙasa da gudun kimanin mita 9 a cikin sakan ɗaya, kuma idan ya faɗi a kan ƙasar da ba ta da rufi, yakan farfasa dunƙulenta, ya fantsamar da ƙananan ƙwayoyin ta ko'ina. Waɗannan ƙwayoyi masu laushi su ne suke toshe ƙofofin da ruwa yake bi ya nutse, sai saman ƙasar ya yi ɓawo mai tauri. Da zarar ɓawon ya samu, ruwan da ya kamata ya shiga ya shayar da saiwa sai ya kama hanyar gangare, yana tafiya yana ƙara gudu, yana kwasar ƙasar da ɗigo ya riga ya kwance masa. Da farko ba a ganin komai sai ruwa mai launin laka, daga nan sai siraran hanyoyin ruwa su bayyana a tsakanin layuka, waɗanda idan aka yi sakaci da su shekara da shekaru sukan zama kwazazzabon da tarakta ba za ta iya ƙetarewa ba.

Mutane da yawa suna raina wannan asara saboda ido ba ya kama ta, amma lissafinta mai sauƙi ne. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan ruwa ya kankare kaurin milimita ɗaya kacal daga samanta, wanda bai kai kaurin kwabo ba, an yi asarar ƙasa mai nauyin kimanin tan 13, kuma ita ce ƙasa mafi kyau a gonar, wadda ta fi taki da ruɓaɓɓen ganye. Samuwar sabuwar ƙasa mai kaurin santimita ɗaya daga dutse kuwa takan ɗauki ɗaruruwan shekaru. Ka duba tsofaffin bishiyoyin da ke kan gangare a yankin da kake, za ka ga da yawa daga cikinsu suna tsaye a kan wani ɗan tudu, saiwoyinsu a waje. Ba a kan tudu aka dasa su ba. Ƙasar da ke kewaye da su ce ta tafi, ta bar wadda saiwa da inuwa suka riƙe, har masu bincike sukan auna tsayin wannan tudu domin su ƙiyasta yawan ƙasar da gona ta rasa tun lokacin dashe. Yankin Andalus, inda lardin Jaen yake, yana da fiye da hekta miliyan 1.5 na zaitun, lardin Jaen kaɗai yana da bishiyoyi fiye da miliyan 60, kuma kaso mai yawa na gonakin nan a kan gangare suke. Lakar da ke fita daga cikinsu tana ƙarewa ne a kogin Guadalquivir da madatsun ruwan yankin, inda take cike gurbin da aka tanada domin ruwa.

To, abin da shimfiɗar rassa take yi shi ne ta shiga tsakanin ɗigo da ƙasa. Ɗigon yakan faɗi a kan guntun itace ko ganye, ƙarfinsa ya mutu a nan, sannan ya gangara a hankali, don haka ɓawo ba ya samuwa. Ruwan da ya fara malala kuma yakan yi ta cin karo da guntaye, kowanne ya zama ɗan ƙaramin shinge, gudunsa ya ragu, ya sauke ƙasar da ya ɗauko, ya sami lokacin nutsewa. A watannin zafi shimfiɗar tana kare ƙasa daga rana da iska, danshi ya daɗe, kuma wannan shi ne amsar damuwar dattawanku, domin busasshen reshe, saɓanin ɗanyar ciyawa, ba ya shan ruwan bishiya ko kaɗan. A hankali ganyen da itacen suna ruɓewa, tsutsotsin ƙasa da sauran ƙananan halittu suna jan su ƙasa, ƙasar tana yin dunƙule-dunƙule masu jure dukan ruwa. Wuta kuwa, kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma duka yana tashi sama tare da mafi yawan naitirojin, wato sinadarin abincin shuka, da ke cikin ganye, a bar manomi da 'yar toka wadda ruwan farko zai iya wankewa.

Akwai kuma dalili na doka da na aljihu da wataƙila mai gonarku bai faɗa muku ba. A shekarar 2022 Sifaniya ta kafa dokar shara wadda ta taƙaita ƙona ragowar amfanin gona, ko da yake daga baya an sassauta wa ƙananan manoma. Sannan a tsarin tallafin noma na Tarayyar Turai da ya fara aiki a 2023, Sifaniya tana biyan masu gonakin bishiyoyi wani ƙarin kuɗi idan suka daddatse rassa suka rufe aƙalla kashi 40 cikin 100 na faɗin filin da ke tsakanin inuwar layi da layi, kuma kuɗin yana ƙaruwa gwargwadon tsananin gangaren gonar. A ganina wannan na cikin tallafin da aka ɗora a inda ya dace, tun da gonar gangare ce ta fi wahalar aiki kuma ita ce ta fi zubar da ƙasa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce da ke karatun aikin gona. An koya mana cewa itace yana ƙwace naitirojin daga ƙasa yayin da yake ruɓewa, kuma ragowar shuka tana ɗauke da cututtuka. Shin barin rassa a gona ba gyaran gangar auzinawa ba ne?

Amsa: Malama, abubuwa biyun da aka koya miki gaskiya ne, sai dai nauyinsu ba ɗaya ba ne. Batun naitirojin ya fi sauƙi. Itace yana da kabon mai yawa da naitirojin kaɗan, saboda haka ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sukan ari naitirojin daga ƙasar da ke manne da shi, su mayar bayan sun gama aikinsu. Wannan aro yana yin tsanani ne idan aka bi da garma aka cuɗanya guntayen da ƙasa. Idan aka bar su a sama, abin yana tsayawa ne a ɗan siririn wurin da itace ya taɓa ƙasa, kuma babbar bishiyar zaitun mai saiwoyi a baje ba ta cika jin sa ba. Ban da haka, abin da ake datsewa ba itace zalla ba ne, akwai ganye mai yawa a ciki, shi kuwa ganye yana da naitirojin fiye da itace kuma shi ne yake fara ruɓewa. Don haka ƙa'idar ita ce a shimfiɗa a bari, kada a binne, wanda dama shi ne abin da kariya daga zaizaya take bukata, domin reshen da aka binne ba ya tare ɗigo.

Batun cuta ne ya cancanci tsoro. Mafi haɗari ita ce cutar bushewar rassa da masana ke kira batisiliyom, wadda wani nau'in fumfuna da ke zaune a cikin ƙasa yake haddasawa. Tana shiga ta saiwa, ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama, sai a ga reshe guda ko ɓangare guda na bishiya ya bushe farat ɗaya, wani lokaci ganyen yana nan manne. Ƙwayoyinta suna iya zama a ƙasa shekaru masu yawa suna jira, kuma ganye da rassan bishiyar da ta kamu suna ɗauke da su. Wanda ya saka irin waɗannan rassa a inji ya watsa a gona ya shuka cutar da hannunsa. Wannan shi ne wurin da wuta take da hurumi: a ware rassan bishiyar da ta kamu, a fitar da su ba tare da an ja su a ƙasa ba, a ƙone su bisa izinin hukuma, a kuma tsabtace almakashi da zarto kafin a taɓa wata bishiya. Haka ya kamata a yi da rassan da suka yi ƙulli-ƙulli saboda cutar ƙurajen zaitun, wadda take shiga ta raunukan datsa musamman idan akwai laima. A yankin Puglia na kudancin Italiya, inda aka gano cutar zailela a 2013 kuma ta kashe miliyoyin bishiyoyi, hukuma ce take shata abin da za a yi da bishiyar da ta kamu, ba ra'ayin manomi ba.

Sai kuma wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai huda itacen zaitun, wanda yake neman rassan da aka yanke domin ya yi ƙwai a ƙarƙashin ɓawonsu. 'Ya'yansa sukan fito idan zafi ya fara, su hau lafiyayyun bishiyoyi su huda ƙananan rassan da za su yi 'ya'ya. Maganinsa yana cikin yadda ake aikin: manyan rassa masu kauri ba a barin su a gona, ana kwashe su domin makamashi a adana a rufaffen wuri, ƙananan kuwa ana daddatsa su da wuri kuma sosai, domin guntun da aka farfasa yana bushewa da sauri, ƙwaron ba ya samun wurin renon 'ya'yansa. Tulin rassan da aka yasar a gefen gona har watan Mayu shi ne gidan ƙwaron, ba shimfiɗar da aka niƙa ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, shin rassan da gona take samarwa suna isa su rufe ta duka? Kuma wanda ba shi da tarakta fa?

Amsa: Galibi ba sa isa, kuma wannan ita ce gazawar da masu tallata dabarar ba sa son ambata. A tsohon salon dashe ana barin mita 10 zuwa 12 tsakanin bishiya da bishiya, wato kimanin bishiya 70 zuwa 100 a hekta, kuma manoma da yawa ba sa yin babbar datsa sai bayan shekara biyu. A yankin Sfax na Tunisiya, saboda ƙarancin ruwa, tazarar takan kai mita 24, bishiya 17 kacal a hekta, kuma a can ganyen da ƙananan rassan abincin tumaki da awaki ne, itacen kuma makamashi, ta yadda abin da zai rage wa ƙasa bai taka kara ya karya ba. Sabbin gonakin da ake dasawa kamar shinge, masu bishiya 1,500 zuwa 2,000 a hekta, suna fitar da rassa kowace shekara, sai dai su yawanci a shimfiɗaɗɗen fili suke, inda zaizaya ba ta da ƙarfi. Ga shi dai, inda aka fi bukatar rufi nan ne ya fi ƙaranci.

Saboda haka hikimar tana cikin zaɓen wurin da za a sa shi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na rufi a matsayin mafi ƙarancin abin da za a kira kare ƙasa, kuma sanannen abu ne cewa rufin farko-farko shi ne yake rage zaizaya da yawa, ƙarin da ke biyo baya amfaninsa yana raguwa. Wanda ya baza rassa kaɗan a faɗin gona duka har ana hango ƙasa ta ko'ina ya yi aikin banza. Gara ya tara su a ziri guda a tsakiyar filin da ke tsakanin layi da layi, mai kaurin da zai ɓoye ƙasa, ya kuma riƙa ƙarawa a wuri ɗaya duk lokacin datsa, tun da ganye yana ɓacewa cikin watanni amma guntun itace yana kaiwa shekara biyu ko fiye. Ƙarƙashin bishiya kuwa inuwarta da ganyen da take zubarwa sun riga sun ba shi wata kariya. Abu mafi muhimmanci shi ne zirin ya gitta gangare, kada ya bi shi. Zirin da ya miƙe daga sama zuwa ƙasa yana barin ruwa ya bi gefensa, musamman ta sawun tayoyin tarakta inda ƙasa ta daddanne, alhali wanda ya gitta yana tare ruwan a kowane layi.

Wanda ba shi da tarakta yana iya yin hayar ƙaramin injin daddatsa da ake ja da hannu, ko ya haɗa kai da maƙwabta su ɗauki mai inji na yini guda, kamar yadda ƙungiyoyin manoman zaitun suke yi a wurare da dama. Idan wannan ma ya gagara, adda tana iya aikin a ƙaramar gona: a sassare ƙananan rassa masu ganye gajeru-gajeru, a jera su a gicciye, a danne su da ƙafa domin su manne da ƙasa, saboda reshen da ya yi gada a sama ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinsa kamar babu shi. Lokacin aikin kuma shi ne bayan tsinka, yawanci daga Fabrairu zuwa Maris idan tsananin sanyi ya wuce, kuma a guji shigar da tarakta gona lokacin da ƙasa take jiƙe sharkaf, domin dannewar da za ta yi tana iya cinye ribar shimfiɗar.

A gonar da gangarenta ya yi tsanani, ni ban yarda rassa kaɗai su wadatar ba. Ana haɗa su da rufi mai rai, wato a bar ciyawa ta tsiro ko a shuka sha'ir ko wani ɗan dangin wake a tsakanin layuka da faɗuwar ruwan farko, saiwoyinsu su riƙe ƙasa duk tsawon lokacin ruwa, sannan a yanke su wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu kafin su fara gasar ruwa da bishiya. Rassa suna kare sama, saiwa tana ɗaure ciki, kuma ciyawar tana riƙe guntayen kada ruwa ya tafi da su.

Tambaya: Malam, gonar da nake kula da ita ruwa ya riga ya haƙa mata kwazazzabo mai zurfin da ya kai ƙugu. Idan na zuba daddatsattsun rassa a ciki, zai cike?

Amsa: Ba zai cike ba, Malam. Guntun itace ba shi da nauyi, kuma ruwan da ya taru ya zama rafi zai ɗauke shi ya kai ƙasan gona ko ya toshe magudanar hanya da shi. Shimfiɗa maganin ɗigo ce da malala mai faɗi, ba maganin ruwan da ya riga ya sami hanya ba. Kwazazzabo yana bukatar ƙananan shingaye a gicciye, na duwatsu ko na turaku da aka kafa sosai, kuma a nan ne rassan da ba a daddatsa ba suke da amfani, domin ana ɗaure su dami-dami a saƙa a bayan turakun, ruwa ya tace ya wuce, laka ta tsaya. Shingaye gajeru masu yawa sun fi guda ɗaya mai tsayi, tsakiyar kowanne kuma ya ɗan fi gefensa ƙasa, domin ruwa ya tsallake ta tsakiya maimakon ya ci bango ya zagaye. Bayan laka ta taru sai a bar ciyawa da ƙananan itatuwa su kama wurin, a daina bi ta kai da garma ko maganin ciyawa.

Shimfiɗar rassan kuwa a kai ta saman gona, inda ruwan yake tasowa, domin duk abin da ya nutse a can ba zai iso kwazazzabon ba. Ka bar fili marar rufi a bakin hanya da iyakar gona saboda gobarar watannin zafi, ka kuma nisanta guntayen daga gindin bishiya da inda ake shimfiɗa raga lokacin tsinka, domin itacen da ya shiga cikin 'ya'yan zaitun sai an tsince shi kafin a kai su matsa.